Wasiƙar Godiya ga Ofishin Sakataren Ilimi na Ƙaramar Hukumarmu

Zuwa ga Sakataren Ilimi da dukan ma'aikatan Hukumar Ilimi ta Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da mutanen ofishinka, tun daga sufetoci har zuwa masinja da mai gadi. Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye na bakin fadama a ƙasar Argungu, kuma ni ne ma'ajin kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makarantar firamarenmu. An saba, in aka ga talaka ya ɗauki biro zai rubuta wa hukuma, to kuka zai kai. Na rubuta irin waɗannan ba ɗaya ba, ba biyu ba, wasunsu suna nan cikin fayil ɗinku. Wannan kam ta godiya ce. Na sa ta inda kowa zai karanta, domin abin da kuka yi mana a bainar jama'a kuka yi shi.

Zan fara da wata takarda guda ɗaya da aka manna da gam a bangon ofishin hedimasta. Sunayen malaman da aka turo makarantarmu ne a jere, kowa da ajin da yake riƙe da shi, ga hatimin ofishinka a ƙasa. Wanda bai zauna ƙauye ba zai ce wannan ma abin godiya ne? To, kafin ranar nan babu uba ko ɗaya a garinmu da ya san yawan malaman da gwamnati ke biya da sunan 'ya'yanmu. Uku muke gani da ido. Takarda ta ce bakwai. Na tuna yadda limaminmu ya tsaya gabanta, ya sa yatsa yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya juyo ya ce, "Wannan kuma ɗan wane gari ne?" Babu wanda ya iya ba shi amsa.

Ba ku rufe maganar ba. Kuka bi diddigi, kuka dawo mana da bayani a taron kwamiti: ɗaya ya yi ritaya ba a cire sunansa ba, ɗaya an mayar da shi wata makaranta tuntuni, biyu kuwa suna cikin gari suna harkokinsu. Biyun nan suka dawo bakin aiki, ba da son ransu ba da farko. Ɗaya daga cikinsu yanzu shi ne yara suka fi so, wanda ke koya musu lissafi da 'ya'yan tsamiya da marafan kwalba. Da aka zo cike guraben biyun da suka rage, kuka duba inda mutum yake kwana kafin ku tura shi. Wannan hikima ce da sai wanda ya san hanyarmu da damina zai gane ta, lokacin da babur ke nutsewa cikin laka, kuɗin mai kuma ya cinye kusan rabin abin da malami ke ɗauka. Kuka ba mu wani matashi daga ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, da wata malama 'yar garinmu, dukansu masu NCE daga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke nan Argungu. A ƙafa suke zuwa.

Mutanenmu da yawa sun ɗauka Sakataren Ilimi kan buhun kuɗi yake zaune. Ni ma haka na ɗauka, har sai ranar da ka zaunar da mu ƙarƙashin dogonyaro ka warware mana yadda abin yake. Shirin UBE na ba kowa ilimin matakin farko, wanda Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, ya samu dokarsa a 2004. Dokar ta ce karatun shekara 9, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigar tarayya, amma jiha ba ta taɓa kasonta na gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Kuɗin daga UBEC, hukumar shirin ta tarayya a Abuja, yake fitowa, ya sauka SUBEB, takwararta ta jiha a Birnin Kebbi, can ake tsara manyan ayyuka na ƙananan hukumomi 21 na jihar. Albashin malaman firamare kuma daga kason ƙananan hukumomi ake fitar da shi. Abin da ya rage a hannunku shi ne rarraba malamai, zagayen duba aiki, riƙe ƙididdigar yara, da kai kukanmu sama. Aiki ne wanda ba a kafa masa allon ɗan kwangila, ba a kuma gayyato 'yan jarida su ɗauki hotonsa. Shi ya sa yake da sauƙin yin watsi da shi, shekara da shekaru, ba wanda zai ce uffan. Ku kuwa shi kuka riƙe da hannu biyu.

Yanzu sai abin kunyata, wanda ban so in faɗa ba, amma godiyar ba ta cika sai da shi.

Shinkafar rani ta yi nono, jan-baki ya sauko fadama kamar hadari. Duk manomin Kabi ya san wannan lokacin: in ka bar gona safiya ɗaya babu mai tsaro, tsuntsu zai sha maka wahalar wata uku. Sai na yi abin da ubana ya yi mini, na cire ɗana daga aji huɗu na kai shi kora. Muka ja igiya daga kunya zuwa kunya, muka rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki, yaro yana kan rumfa da majajjawa tun asuba. Wata safiya ina gyara injin ban ruwa, sai ga sufeton shiyyarmu ya ajiye babur a bakin hanya, ya naɗe ƙafar wando, ya tako cikin taɓo da rajistar aji a hammata. Ya yi sallama, muka gaisa, ya tambayi ruwa, ya tambayi taki, bai yi gaggawa ba. Sannan ya buɗe rajista a kan tankin injin, ya nuna mini layin ɗana. Sifili ne jere, kwana 19. Ya ce, "Ma'aji, ba faɗa na zo yi ba. In na je gonar wani in ce ya sako ɗansa, zai ce mini ina na ma'aji. Me zan ce masa?"

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce masa gaskiya: in na sako yaro, wa zai biya ni shinkafata? Bai karanto mini doka ba, ko da yake dokar tana gefensa, don ta tanadi hukunci ga uban da ya hana ɗansa karatu. Cewa ya yi mu haɗu bayan la'asar a ƙofar hakimi. A can aka tsayar da magana: masu gonaki maƙwabtan juna su haɗa kuɗi su ɗauki samari su tsare safiya, yara su karɓa bayan an tashi makaranta har faɗuwar rana, tun da safe da maraice ne tsuntsun ya fi ɓarna. Ba kowa ya bi ba, kada in yi ƙarya. Amma bana, a tsakiyar kora, na leƙa aji huɗu na tarar babu wurin zama a benci.

Abu na gaba ya fi wannan ciwo, kuma shi na fi gode muku a kai. A ƙarshen zangon karatu na biyu, maimakon a kawo mana katin sakamako kowa ya zo na ɗaya ko na biyar mu yi ta murna, sai sufeto ya tara iyaye, ya sa aka kira yara goma daga aji huɗu, ba hedimasta ya zaɓa ba, ƙuri'a aka ja. Ya miƙa wa kowa littafin Hausa na aji biyu. Uku suka karanta. Biyu suka yi ta haɗa baƙi da wasali suna tuntuɓe. Biyar suka tsura wa shafi ido, cikinsu har da nawa. Wurin ya yi tsit. Wani ofishin da ɓoye wannan zai yi, don kada a ce ba ya aiki. Ku kuka nuna mana, a gaban malaman, ba tare da an ci mutuncin kowa ba.

Daga nan aka ware rabin awa kowace safiya, ana raba yara gwargwadon inda kowa ya tsaya, ba gwargwadon aji ba: masu baƙaƙe gefe guda, masu gaɓoɓi gefe guda, masu jimla gefe guda. Da farko manyan yara sun ji nauyin zama da ƙannensu. Malamar nan ta yi dabara, ta naɗa su masu riƙe alli da share allo. Ɗana yanzu shi ke karanta mini saƙon da ke shigowa wayata in babu tabarau kusa, kuma yana yi mini gyara in na rubuta ƙ babu lanƙwasa.

Game da 'yan mata, zuwan malamar ya yi abin da wa'azin shekara bai yi ba. Tun da aka sace ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, iyaye mata suka tsorata da duk abin da ake kira makaranta, ko da yake tsakaninmu da can tafiya ce mai nisa. Ga kuma talla. Malama ta bi gida gida, ta shiga inda sufeto ba zai shiga ba, kuka kuma mara mata baya da takarda da hatimi. Ranar kasuwa har yanzu ajin 'yan mata yakan rage, wannan sai a hankali.

Sai batun kuɗi, wanda ya shafe ni kai tsaye. Tun ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar jihar nan, ginin aji biyu namu ya tsage, iska kuma ta zo ta yaye kwanon. Da ɗan kuɗin gyara ya shigo asusun kwamiti, ofishinka ya kafa sharaɗi: sa hannun mutum uku kafin a fitar da ko sisi, rasit na kowane bandir na kwano da kowane kilo na ƙusa, sannan a karanta lissafin da ƙarfi bayan sallar Juma'a. Raina ya ɓaci, na ji kamar ana zargina. Yau ni ke roƙon kada a daina. Da na tsaya na karanta, wani kafinta cikin sahu ya ce katakon ya yi tsada, ya faɗi inda za a samu ƙasa da haka, kuma gaskiyarsa ne. Rarar da aka samu ita ta yi mana benci takwas. Tun ranar babu wanda ya ƙara kallona a kaikaice in na ɗinka sabuwar riga.

Ranka ya daɗe, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ka yi haƙuri in haɗa godiya da tuni. Har yanzu babu makewayi, manyan 'yan mata sai su koma gida, kuma ba duka ke dawowa ba. Famfon burtsatsen ya lalace tun kafin azumi. Ƙaramar sakandare mafi kusa ta yi wa 'yan shekara 12 nisa, ga ɗaliban aji shida na bana sun fi na bara yawa, laifinku ne kuma, ku kuka dawo da su. Malamanmu suna jiran ƙarin girma, na san ba a teburinka ake sa hannu ba, amma muryarka ta fi tamu isa Birnin Kebbi. Mu a namu ɓangaren mun buga bulo, mun tara yashi a bayan aji shida, siminti da kwano kawai muke jira.

Kwamiti zai zauna Asabar ta farko bayan an koma hutu, da hantsi, ƙarƙashin dogonyaron nan. Muna gayyatarka kai da sufeto. Ka ce masa ya taho da littafin nan na aji biyu, yara sun ce a sake jan ƙuri'a.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku a hanya.

Wassalam.

Naka,
Ma'ajin kwamitin SBMC,
a madadin iyayen yara na wani ƙauye a ƙasar Argungu, Jihar Kebbi.