Ƙarar da ke ɓuya in ta ga makanike

Kano,
daren Lahadi.

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da duk mutanen Tamale. Ya kasuwa, ya sanyi? Mu nan hunturu ya buɗe da ƙarfinsa, da asuba sai mutum ya yi ta maza kafin ya taɓa ruwan buta. Hajiya ta samu sauƙin ƙafar, tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko rantsuwa ka yi ba za ka sake taka ƙasar nan ba. Na ce mata ta yi haƙuri, Bazazzagi ne, in ya samu inda ake cika masa kwano ba ya waiwaye.

Ka yi ta tambayata labarin babur a waya ina kauce maka, don maganar ta fi ƙarfin saƙon murya na minti biyu. Yau na zauna in warware maka ita daga tushe, tunda kai ka zuga ni na saya.

Ka san tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, motar nan tawa ta koma kayan ado a ƙofar gida. Na yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe na haƙura na sayar da ita, na ɗauko sabon babur fil a kwali, mai lamba 150, a wajen dila, da rasidi da littafin garanti. Da gangan na ƙi na hannu. Na ce gara in biya da tsada in riƙa barci da ido biyu rufe. Littafin ya ce wata shida ko kilomita 6000, duk wanda ya riga cika, da sharaɗin a wajensu za a yi sabis uku na farko, kuma kada wani makanike na waje ya kwance injin. A ranar ko buɗe shi ban yi ba, na miƙa wa uwargida ta adana.

Wata guda babur yana tafiya kamar ana zuba ruwa. An yi sabis na farko, an juye baƙin mai, komai lafiya. Mita na nuna wajen kilomita 1200 sai na fara jin wani abu. Ba ƙara ba ce mai tayar da hankali, wani ɗan kyar-kyar-kyar ne siriri, kamar an jefa tsakuwa biyu a gwangwanin madara ana girgizawa. Da safe in na tayar da shi babu. Daga Rijiyar Zaki har in kusa Kabuga babu. Sai na shiga gadar ƙasa ta Kabuga, inda bango ke dawo wa mutum da duk abin da injinsa ke faɗa, nan nake jin ta raɗau, daga nan kuma ta bi ni har wurin aiki. In na ƙara wuta ta ɓace, in na rage sosai ta ɓace. Tana da wani ɗan wuri nata a tsakiyar totur, a giya ta uku da ta huɗu, nan take zaune.

Ba zan ɓoye maka ba, abin ya shiga raina fiye da ƙima. Mutum ya sayar da motarsa ya zuba kuɗin a abu ɗaya, sai kowace ƙara ta zama kamar a cikin ƙirjinsa take. Har na koma ina ɗaga gilashin hular kwano ina karkata kai a kan titi kamar kaza ta ji shaho.

Na kai shi wajen dilan ranar wata Asabar da safe. Ka san halin ciwon haƙori in ya ji ƙamshin asibiti. Na tarar da layi, babur ya yi kusan awa guda a tsaye ya huce sarai, kafin yaron shagon ya zo ya tayar da shi, ya murɗa totur sau uku, ya zaga bayan layi ya dawo. Shiru kake ji. Ya ce, "Alhaji, lafiyarsa ƙalau, sabon inji ne, bai gama sakin jiki ba." Na ce masa sai ya yi zafi take fitowa. Ya yi murmushin nan da ake yi wa tsoho in ya ce ya ga aljani, ya ce in ta ƙaru in dawo. Ban yi nisa da shagon ba, ina hawa titin Murtala Muhammad, ta dawo abinta.

Barin babur ya huce a layi shi ne kuskurena na farko, na biyu shi ne da na kai maganar majalisa. Kowa ya zama injiniya. Wannan ya ce kwanrod ne, wato ƙarfen da ke haɗa fiston da kiranki a cikin inji, in sayar da shi tun kafin ya buga. Wancan ya ce fiston ne ke dukan silinda. Wani ya ce man 'yan bumburutu na sha, alhali ban taɓa tsayawa wajensu da babur ɗin nan ba. Mai shayi ma ya sa baki, wai ƙanensa ya yi irin wannan, boris ne. Duk cikinsu babu wanda ya ji ƙarar da kunnensa. Maganarsu dai ɗaya ce a ƙarshe: a buɗe inji a gani. To ga ni gaba kura baya sayaki. In na bari aka buɗe, garanti ya tashi. In na zauna jiran masu garantin su ji abin da ba sa son ji, wata shida na tafiya, kuma in da gaske kwanrod ne, ranar da zai buga ba zai yi sallama ba.

Sai na tuna da Baba, makanikenka na da, wanda ka riƙa kai wa tsohon baburinka tun kafin a hana goyo a Kano a 2013. Yana nan a rumfarsa, gemu ya yi fari fat, tabarau ɗaure da zare. Da na ambace ka ya yi dariya, ya ce yaron nan mai tuƙi kamar an biyo shi. Na karanta masa komai, na nuna masa littafin. Ya sa yaronsa ya karanta masa sharuɗɗan, sannan ya ce, "To ɗana, ni ko sifana ba zan ɗora a kansa ba. Noti ɗaya in ya nuna alamar an taɓa, sun samu abin fakewa. Amma kunne ba ya barin shaida."

Wallahi abin da ya yi daga nan ya fi min kallon fim daɗi. Bai taɓa babur ɗin ba tukuna, tambaya ya fara. Ƙarar tana bin gudun inji ne ko gudun taya? Na ce ban gane ba. Ya ce in hau in je in dawo, in ta fito in kama kuloci in saki totur, babur ya ci gaba da gangarawa da kansa. In ta ci gaba, to ta ƙafafu ce: sarƙa, ko boris ɗin taya, ko birki, ko murfin sarƙa. In ta mutu tare da wutar, ta ɓangaren inji ce. Na yi nisa har ya ɗau zafi, ta fito, na kama kuloci, ta ɗauke ɗif. Ka ga da tambaya ɗaya ya sallami rabin babur.

Na dawo ban kashe ba. Ya ɗora shi a kan ƙafar tsakiya, ya ɗauko wata doguwar sukudireba mai mariƙin katako da ya yi baƙi don tsufa, ya dafa bakinta a kan murfin saman inji, ya manna mariƙin a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido. Ya sauko da ita jikin silinda, ya koma ƙasa wajen kiranki, gefen dama, gefen hagu. Sannan ya miƙo min ya ce in ji da kaina. Aminina, ban taɓa sanin haka cikin inji yake da surutu ba. A ƙasa wani irin shuuu ne mai santsi, ba duka ba tangarɗa. A sama kuwa ga wani cas-cas-cas a jere kamar keken ɗinki.

Na ce shi ke nan, mun kama ɓarawo. Ya ce a'a, wannan tafet ne, kuma ba shi ne ya kawo ni ba. Ya bayyana min cewa tsakanin abin da ke danna bawul da kan bawul ɗin akwai ɗan rata da ake bari da gangan, don ƙarfe yana kumbura in ya yi zafi. A irin waɗannan ƙananan injuna ratar kan kama daga 0.05 zuwa 0.1 na milimita, abin da bai wuce kaurin takarda ba, kuma da inji a sanyaye ake auna ta. In ta ɗan yi yawa sai ka ji wannan cas-cas ɗin. Ya ce shi tafet mai magana bai dame shi ba, wanda ya yi shiru gaba ɗaya shi ne abin tsoro, don in ya matse bawul ba ya rufuwa daidai, a hankali sai ya ƙone. Kuma ga yadda ake gane shi: duk juyi biyu na kiranki sau ɗaya bawul ke buɗewa, don haka bugunsa rabin gudun inji ne, yana nan tun daga sulo, yana ƙaruwa daidai da wuta. Tawa kuwa ba ta da wannan ladabin, wuri ɗaya take fitowa ta ɓace.

Da haka ya bi zancen 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya. Fiston in yana dukan silinda, da sanyin safiya ya fi ƙara, in ya yi zafi ya cika wurinsa sai ya lafa, tawa kuwa akasin haka take. Kwanrod bugunsa mai nauyi ne daga ƙasa, ƙwas-ƙwas, ba ya wasan ɓuya. Mai marar kyau kuma sai an matsa wa inji a hawa ko da kaya yake ƙyasƙyas, ba a kan ƙafar tsakiya babu giya ba. Ya ce duk ƙarar da ke zaɓen wuri ɗaya a totur, galibi ba ciwon inji ba ce, wani abu ne sako-sako da girgizar injin ke kaɗawa in ta zo daidai da shi, kamar yadda gilashin taga ke rawa in wata babbar mota ta wuce amma ba kowace mota ba.

Sai ya sa yaron ya riƙe totur a daidai wurin, ƙarar na fita, shi kuma ya ɗauki guntun katako ya riƙa dannawa a wurare. Tanki, ba canji. Murfin gefe, madigadi, kariya, ƙarfen gadin ƙafa, farantin da ke kare zafin salansa, duk ba canji. Yana danna katakon da ƙarfi a cikin tumbin salansa, sai muryar ta canza, ta dusashe. Ya ɗaga, ta dawo. Ya sake, ta dusashe. Ya kalle ni ta saman tabarau bai ce komai ba. Muka kashe, muka yi sallar Azahar, muka ci ɗanwake, ta huce. Ya zo ya bugi salansar da tafin hannu, sai ga shi a fili: kyar. A cikinta akwai farantai da bututu masu rage ƙara, an liƙa su da ɗigon walda. Ɗaya ya saki. Da sanyi yana ɗan maƙale, in gangar ta yi zafi ta buɗe sai ya samu filin rawa.

Na ciro kuɗi, ya karɓi na ɗanwake kawai. Ya ce in na koma kada in ce wani makanike ya gani, kada kuma in koya musu aikinsu, in kai musu ƙarar da zafinta kawai.

Haka na yi. Na ɗauki ƙarar a waya tukuna, da mita a cikin hoton. Ranar Litinin na zaga ta titin Zariya har Naibawa na dawo, na tsaya a bakin shagon ban kashe ba, na riƙe totur a wurin nan har sai da ogansu ya fito da kansa don ta ishe shi. Na roƙe shi ya danna wani abu a salansar. Ya danna da ƙasan takalminsa, ya ji. A nan ne fa labari ya sauya. Ƙarar da da babu ita, yanzu akwai ta, amma wai laifina ne: ƙarfen gadin ƙafa da na sa ba na kamfani ba ne, ya canza girgizar babur, kuma littafi ya ce duk wanda ya yi ƙari garantinsa ya faɗi. Raina ya ɓaci, har na fara ɗaga murya, sai na tuna. Na kira uwargida na ce ta duba rasidin nan ta turo min hotonsa. Ga shi rubuce da hannun yaronsu, ƙasa da kuɗin babur: gadi ɗaya, da kuɗin ɗaurawa. A shagonsu na saya, su suka ɗaura. Oga ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce ai ba faɗa ba ne, Alhaji, a kawo maka kujera.

Ban ce mutanen banza ba ne. Tafet ɗin sun gyara shi a sabis na biyu ba ko sisi, na tsaya a kansu har injin ya huce kafin su auna, kuma aikin ya yi kyau. Amma na lura duk abin da zai sa su rubuta takarda zuwa sama su nemi kaya, sai sun gwada ko za ka gaji ka tafi. Sun ce sabuwar salansa daga Legas za ta zo, sati biyu. Yau an haura sati uku. Abin da na yi wa kaina shi ne na sa sun rubuta ranar da na kawo ƙorafin da adadin kilomita a littafin, sun buga hatimi, don kada wata shida ya cika a ce min na makara.

Yanzu ina hawansa kullum, ƙarar na nan, har yara sun gane ta, tun daga kan kwana suke cewa ga Baba nan. Mai walda na layinmu ya ce in kawo ya tsaga ta ya ɗinke cikin rabin awa, na ce ya bari tukuna, don yana sa mata wuta na yafe sabuwar ke nan. Kai da ka fi ni sanin halin dilolin nan, in wata ya ƙare ba ta zo ba, in ci gaba da zarya ko in ba shi ya tsaga? Kuma ka ce a Tamale babura sun fi mutane yawa, har mata da 'yan makaranta kowa da nasa, to can in sabo ya yi irin wannan suna canzawa ba gardama, ko duk kanwar ja ce?

Ka gaida uwargida da yara. Rigar saƙin nan ta Dagomba da ka yi min alkawari tun bara, in mai goro zai taho ka ba shi, mai baƙi da fari nake so, kuma ka tuna na ƙara ƙiba. Baba makanike ya ce in gaya maka har yanzu yana bin ka kuɗin fulogi.

Wassalam.
Naka,
amininka na Kano.