Farar takardar da ke buɗe kanta a Word: ba sai an yi wa kwamfuta fomatin ba

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Don Allah ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu shagon buga takardu, musamman mu da muke kusa da makarantu, saboda abin da ya same ni kwanan baya ya ishe ni kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Ina da ɗan shago a Zariya, kwamfuta uku da firinta da injin hoto, lokacin furojet kuwa ko abinci a tsaye muke ci. To ana cikin haka sai ɗaya daga cikin kwamfutocin ta tsiro da wani hali, duk sanda ka danna fayil ɗin ɗalibi sau biyu sai Word ya buɗe maka abu biyu, ga aikin da ka nema ga kuma wata farar takarda fayau an rubuta Document1 a samanta, kuma ita ce ke zuwa gaba ta rufe aikin. Da farko dariya muke, a rufe ta a ci gaba. Ranar da dariya ta ƙare ita ce ranar da yarona, sabon shiga ne, ya ga farar takardar ya ɗauka aikin ne ya goge, cikin ruɗewa ya danna sabin ya ba ta sunan babi na uku na wata ɗaliba, kwamfuta ta tambaye shi ya yarda a maye gurbin tsohon, ya ce e. Shafi ashirin da wani abu suka tafi. Allah Ya taimake mu akwai kwafi a filashinta, da ban san da wane ido zan kalle ta ba.

Na kira wani mai gyara, ko zama bai yi ba ya ce bairos ne sai an yi fomatin, wato a share duk abin da ke cikin kwamfutar a sake sa mata manhajoji. Wallahi wannan kalmar ta zama kamar maganin zazzaɓi a wurin wasu masu gyaranmu, komai ka kawo musu fomatin, alhali aikin mutane na shekara da shekaru ne a ciki. Na ce ya bari tukuna.

Ga abin da na gano bayan na ɓata dare biyu. Shi Word in ka buɗe shi haka kawai ba ta kan wani fayil ba, dama ɗabi'arsa ce ya ba ka farar takarda, wannan ba ciwo ba ne. Daga na 2013 zuwa sama ma akwai zaɓi a File, Options, General, inda aka rubuta Show the Start screen, in ka sa masa alama zai riƙa nuna maka jerin fayilolin da ka buɗe kwanan nan maimakon ya faɗa da kai cikin farar takarda. Kuma ita Document1 ɗin, in ba ka taɓa ta ba ka buɗe wani fayil, da kanta take ɓacewa. Saboda haka in ta ƙi tafiya, ko ta biyo fayil ɗin da ka danna, to akwai abin da ke taɓa ta a ɓoye, shi za ka nema.

Hanyar kama shi ba wuya. Ka rufe Word gaba ɗaya, ka danne Ctrl ka riƙe sannan ka buɗe shi, zai tambaye ka ko kana so ya tashi a Safe Mode, ka ce e. Ko ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta winword /a. Haka zai tashi tsirararsa ba tare da tarkacen da wasu manhajoji suka liƙa masa ba. Ni da na yi haka na buɗe fayil lafiya lau babu baƙuwa, nan na san matsalar tana cikin tarkacen. Sai na shiga File, Options, Add-ins, a ƙasa na zaɓi COM Add-ins na danna Go, na cire alamar duka, sannan na riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya ina rufewa ina buɗewa. A na uku na kama ɓarawon, wata 'yar manhajar mayar da takarda PDF ce da yaran shago suka sauko da ita daga intanet ban ma sani ba. Na cire ta, shi ke nan.

Maƙwabcina da ya ji labari ya ce tasa ma haka take, amma tasa ba nan take ba. Akwai wani fayil da ake kira Normal.dotm, kafin Word 2007 sunansa Normal.dot, shi ne uwar duk wata sabuwar takarda, daga shi take ɗauko irin rubutu da girmansa da faɗin gefe. In ya lalace ko wani makiro, wato ɗan umarnin da ke sa Word yin aiki da kansa, ya shige cikinsa sai Word ya fara abin da ba a sa shi ba. A nan dai mai gyaran nan yana da 'yar gaskiya, don bairos ɗin Melissa da ya addabi duniya a 1999 a wannan fayil ɗin yake maƙalewa, amma ko da hakan ne maganin bai kai ga share kwamfuta ba. Ka rufe Word, ka danna Windows da R, ka rubuta %appdata%\Microsoft\Templates, ka nemo Normal.dotm a wurin da ya buɗe ka sauya masa suna kawai, misali Normal.tsoho, da ka sake buɗe Word zai haifi sabo da kansa. Ka leƙa %appdata%\Microsoft\Word\STARTUP ma, duk abin da ke ciki tare da Word yake tashi.

Sai dai a nan ne muka sha mamaki, kuma don wannan ne ma na ce sai na rubuto, domin ya shafi duk mai buga Hausa. Maƙwabcin nawa yana yi wa marubuta aikin littafi, ya daɗe da saita gajerun maɓallai na ƙ da ɗ da ɓ, ashe duk a cikin Normal.dotm suke zaune. Farar takarda ta tafi, haruffa masu lanƙwasa su ma suka bi ta, ya zauna yana danna maɓalli ba abin da ke fitowa yana kallona kamar ni na sace masa. Sai da muka koma Insert, Symbol, muka nemo kowane harafi muka danna Shortcut Key muka sake saitawa. Kafin nan da dabara muka ƙarasa aikin ranar, in ka rubuta 0199 ka danna Alt da X zai zama ƙ, 0257 ya ba ka ɗ, 0253 ya ba ka ɓ. Duk wanda ya sha wahalar saita nasa, ya kwafi Normal.dotm ɗinsa mai lafiya ya ajiye a filashi tun yau.

Akwai kuma masu cewa da sun kunna kwamfuta Word ke tashi da kansa da farar takarda. Wannan a duba Startup a cikin Task Manager, a kuma duba Settings, Accounts, Sign-in options, akwai zaɓin da ke sake buɗe manhajojin da aka bari a buɗe lokacin kashewa, a kashe shi. Kar a raina kibod ma, ƙurar hunturu na sa maɓalli ya maƙale, Ctrl da N kuwa sabuwar takarda suke buɗewa. In duk an gwada bai yi ba sai a je Control Panel, Programs and Features, a zaɓi Office a danna Change a yi Repair, ba ya taɓa fayilolinka.

Edita da za ku ware mana ko rabin shafi ne duk mako na irin waɗannan ƙananan matsalolin da Hausa, da mun gode ƙwarai. Yaron nawa dai yana nan ban kore shi ba, amma na hana kowa sauko da manhaja a shagon sai na gani da idona.

Naku,
Mai shagon buga takardu, Zariya