Bayan sallama daga asibiti, wa zai koya wa mara lafiya cin abinci da hannunsa?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na daren Laraba ya ɓata mini rai. Baƙinku sun yi ta lissafin asusun kiwon lafiya na kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta tanada, da inshorar lafiya da dokar 2022 ta wajabta, da likitocin da ke ficewa ƙasashen waje. Amma da mutumin nan ya kira yana tambayar makomar masu shanyewar ɓarin jiki, sai aka ce masa "a kai su gashi", aka wuce. Haba Malam! Ko sau ɗaya ba a ambaci ƙwararrun da ke koya wa majiyyaci sake yi wa kansa hidimar yau da kullum ba, masu okufeshonal terafi.

Mahaifiyarmu ce hawan jini ya shanye wa ɓarin dama. Masu gashi sun yi ƙoƙari, ƙafa ta fara takawa, aka sallame mu. A gida ne wahalar ta fara. Banɗakinmu na tsugunno ne. Ba ta iya ɗaura zani, ba ta iya riƙe buta ta yi alwala, koko ma sai a baki. Matar da ta aurar da 'ya'ya da kuɗin ƙosai, ga ta tana kuka don jikarta ce ke kai ta bayi.

Allah Ya haɗa mu da wata ma'aikaciya da ta karanta wannan fanni. Ba ta ba da ƙwaya ba, ba ta yi allura ba. Tambayar Inna ta yi, me ta fi so ta koma yi da kanta. Inna ta ce alwala. Daga nan aka fara. Ma'aikaciyar ta naɗe ƙotar cokali da roba har ta yi kauri yadda yatsu za su kama, ta sa kafinta ya huda kujera aka ɗora a kan masai, aka kafa ƙarfen dafawa a bango, aka ɗinka wa zannuwa roba a ƙugu. Ta nuna mata yadda za ta fara zura hannun da ya shanye in za ta sa riga. Yanzu Inna na sallarta a zaune ba tare da ta jira kowa ba.

Mu nawa ne za mu yi wannan dace? Tun 1988 aka kafa hukumar da ke yi wa masu wannan aiki rajista tare da masu gashi, amma makarantarsu ta tarayya tana Oshodi a Legas, digirin kuma ana yin sa a jami'ar Ile-Ife. A watan Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar cewa a saka aikin mayar da majiyyata ga hidimarsu ta yau da kullum cikin tsarin lafiyar kowace ƙasa. To ku tambayi Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate: a asibitocin matakin farko da ake gyarawa, an ware wa waɗannan ma'aikata gurabe? Inshorar za ta biya aikinsu? Ku gayyato ɗayansu cikin shirin ya yi bayani da bakinsa.

Sannan don Allah ku duba layin wayarku. Na yi ta kira har shirin ya ƙare, ba a ɗauka ba, alhali muryoyin da muke ji kowane mako su ne dai suka sake shiga.

Wassalam.
Mai sauraronku daga Zariya.