Kafin a yaba wa ƙaramar makarantar cata, a fara ƙirga ɗalibanta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda ake karanta sakamakon jarrabawar ƙananan makarantun cata na Amurka, musamman na matakin tsakiya, wato aji shida zuwa aji takwas, inda yara 'yan shekara 11 zuwa 14 suke karatu. Ni mahaifi ne mazaunin ƙasar, 'yata kuma tana aji takwas a irin wannan makaranta, saboda haka na sha zama da takardun sakamakonsu a gabana.

Ga wanda bai sani ba, makarantar cata da kuɗin gwamnati take tafiya, iyaye ba sa biyan ko kwabo, amma wani kwamiti mai zaman kansa ne ke gudanar da ita bisa yarjejeniya ta wasu shekaru, wadda za a iya soke ta idan makarantar ta gaza. Jihar Minnesota ce ta fara yin dokar kafa su a 1991, aka buɗe ta farko, City Academy, a birnin St. Paul a 1992. Yau ɗalibansu sun haura miliyan uku da rabi. Idan masu neman gurbi suka fi kujeru yawa, ƙuri'a ake yi, wanda sunansa ya fito shi ke da rabo.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne saurin da mutane suke yi wajen yanke wa makaranta hukunci da lamba ɗaya tak. Dokar tarayya ta 2002, da wadda ta gaje ta a 2015, sun wajabta a gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa takwas, a kuma wallafa sakamakon. Sai mahaifi ya buɗe shafin ma'aikatar ilimi ta jiharsa, ya ga an ce kashi kaza cikin ɗari sun kai mizani, shi ke nan ya gama bincike. Amma kashi kaza na yara nawa? A ajin 'yata su 40 ne cif, ma'ana kowane yaro shi kaɗai yana ɗauke da kashi biyu da rabi. Idan iyalai huɗu masu yara haziƙai suka ƙaura, ko yara huɗu suka shiga ɗakin jarrabawa da zazzaɓi, sakamakon ajin zai iya faɗuwa da kashi goma ba tare da malami ko ɗaya ya sauya yadda yake koyarwa ba. Shekara mai zuwa lambar ta koma inda take, sai a shiga yabon shugaban makaranta a kan gyaran da bai yi ba. Masanin ƙididdiga Howard Wainer ya nuna haka da bayanan jihar Pennsylvania: ƙananan makarantu sun yi yawa a sahun waɗanda suka fi kowa, sun kuma yi yawa a sahun na ƙarshe, domin ƙarancin ɗalibai ne ke sa sakamakonsu tsalle-tsalle.

Sai kuma batun su wane ne ɗaliban. Doka ta ce a rarraba sakamako gwargwadon launin fata da asali, da talauci, da naƙasa, da kuma masu koyon Turanci. Talauci galibi da abincin rana ake auna shi, domin yaron da samun gidansu bai wuce kashi 130 cikin ɗari na mizanin talauci ba kyauta yake ci, wanda bai wuce kashi 185 ba kuma a yi masa rangwame. To amma kowace jiha tana da mafi ƙarancin adadin da za a wallafa sakamakonsa, don kada a gane yaro da sunansa. A takardar makarantarmu ta bara, layin masu koyon Turanci babu komai sai alamar tauraro, haka layin masu buƙata ta musamman. Wato yaran da suka fi buƙatar a sa musu ido su ne suka ɓace daga takardar. Ban ga laifin wannan ƙa'ida ba, sirrin yaro abin karewa ne, sai dai mai karatu ya sani cewa rabin labari aka ba shi.

Akwai kuma abin da takardar ba ta faɗa da babbar murya. Idan ajin da ya fara da yara 50 a aji shida ya ƙare da 38 a aji takwas, makarantar kuma ba ta cike guraben ba, wajibi ne a tambayi su wane ne suka tafi, domin idan masu rauni ne suka janye, sakamako zai hau ko da koyarwa ba ta inganta ba.

Kada a ɗauka ina kushe waɗannan makarantu ne. Cibiyar CREDO ta Jami'ar Stanford ta gano a 2009 cewa kashi 17 ne kawai na makarantun cata suka fi takwarorinsu na gunduma, wato makarantun gwamnati na yau da kullum, a lissafi, kashi 37 kuma suna bayansu, amma a rahotonta na 2023 lamarin ya juya, inda ɗaliban cata suka samu ƙarin ilimin da ya kai na kwana 16 a karatu da kwana 6 a lissafi a shekara, kuma yara baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka daga gidajen talakawa suna cikin waɗanda suka fi amfana. Abin lura shi ne, wannan bincike ci gaban kowane yaro ya auna daga inda ya tashi, ya kwatanta shi da na takwaransa mai irin yanayinsa. Yaron da ya shigo aji shida yana karatu irin na ɗan aji uku, ya fita yana karatu irin na ɗan aji bakwai, a takarda bai kai mizani ba, alhali malamansa sun yi aikin da ya cancanci jinjina.

Roƙona ga jaridarku shi ne, duk lokacin da za ku kawo labarin sakamakon irin wannan makaranta, ku ajiye adadin yaran da suka zauna jarrabawar kusa da kason da suka ci, ku kuma kawo na shekara uku a jere maimakon na shekara ɗaya.

Wassalam,
Wani mahaifi, mazaunin Amurka