Zuwa ga Uwata, kan littafin da take rubutawa

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Babukan da kika turo ta wayar ƙanenki sun iso, na sa ya buga mini a takarda na karanta tas. Hannunki ya faɗa, kin kuma san inda za ki yanke babi mai karatu ya kasa ajiyewa. Sai dai kowa a littafin attajiri ne ko ɗan attajiri, gida bene, ciwon kai kaɗan sai jirgi zuwa Dubai. Na nemi mutum ɗaya mai kama da wanda kika taɓa zama da shi a tabarma guda, da ƙyar na samu. Shi ya sa zan ba ki labarin wani Ba'amurke da ya ƙarar da rayuwarsa yana faɗa da irin wannan rubutu.

Sunansa William Dean Howells, an haife shi a 1837 a jihar Ohio. Mahaifinsa mai ɗab'i ne da ke fitar da ƙananan jaridu, shi kuma karatun aji bai yi nisa da shi ba, a gaban akwatin haruffan dalma ya yi iliminsa yana jera su ɗaya bayan ɗaya. A 1860 ya rubuta tarihin Abraham Lincoln don yaƙin neman zaɓe, tukuicinsa aka tura shi ƙaramin jakada a Venice, can yaƙin basasar ƙasarsu ya wuce shi. Da ya dawo ya shiga mujallar Atlantic Monthly a Boston, ya zama editanta daga 1871 zuwa 1881. Wanda mujallar nan ta buga a lokacin ya zama marubuci. Ya buɗe ƙofarta ga Mark Twain da Henry James, mutum biyu da salonsu ya yi hannun riga, dukansu kuma aminansa ne har mutuwa ta raba.

A zamaninsa abin da ke ci a kasuwa shi ne labarin jarumin da ba ya kuskure da budurwar da ke suma don so. Ya yi musu wani misali da fara, a rubutun da aka tara cikin Criticism and Fiction a 1891. Ya ce kamar matashi ne ya tsuguna yana nazarin fara a cikin ciyawa, sai wani masani ya zo ya ce masa daina ɓata lokaci, ga wata nan da aka ƙera da waya da kwali, an yi mata fenti mai kyau, ba ta lalacewa. Ba ta cika kama da ta gaske ba, amma ta fi ta kyau, kuma da ita magabata suka yi aiki. Howells ya ce shi ta cikin ciyawar yake so. Jarumin naki, Uwata, na kwali ne. Kin aro shi daga littattafan da kika karanta, su ma aro suka yi.

Ki nemi The Rise of Silas Lapham na 1885 ki ga yadda ya yi aiki da maganarsa. Lapham baƙauye ne daga Vermont da ya yi kuɗi da sayar da fenti, ya koma Boston yana son masu asali su karɓe shi. An gayyace shi cin abinci gidan su Corey, masu asali a garin, ya yi ta fama da tunanin ko ana sa safar hannu ko ba a sawa, ya sayo, ya cusa manyan hannuwansa ciki. A teburi aka zuba masa giyar da bai saba da ita ba, ya sha, ya shiga cika baki kan dukiyarsa har kowa ya yi shiru. Ba a harbi kowa ba, ba a sace kowa ba, amma sai da na ajiye littafin don kunyar da na ji a madadinsa. Daga baya kasuwa ta juya masa baya, sabon gidan da yake ginawa ya ƙone bayan inshorarsa ta ƙare. Sai ga wasu Turawan Ingila za su sayi wasu injinan niƙa nasa da tsada, alhali ya san kamfanin jirgin ƙasa na gab da mayar da su ba su da daraja. Ya kwana yana safa da marwa a ɗaki, bai sa hannu ba. Ya karye, ya koma ƙauyensu. Wannan karyewar ce marubucin ya kira ɗaukaka.

Akwai wurin da ya fi shafar ki. Ɗan gidan Corey yana zuwa gidan Lapham, kowa ya ɗauka kyakkyawar ƙanwar, Irene, yake so, ashe yayar ce, Penelope, mai barkwanci wadda ba a yaba kyanta. Da gaskiya ta fito, Penelope ta ce ta haƙura ta bar wa ƙanwarta, irin yadda ake yi a littattafan hawaye. Iyayen suka je wurin wani limamin coci, ya ce musu in ba laifin kowa ba ne, gara mutum ɗaya ya sha wahala da a ce uku su sha. Ki duba babinki na bakwai, inda yarinyar ta sadaukar da masoyinta ga aminiyarta kowa yana sa mata albarka. Wa kika taɓa gani ya yi haka aka zauna lafiya?

Gaskiyar tasa ba ta tsaya a ƙagaggen labari ba. A 1886 bam ya tashi a taron ma'aikata a dandalin Haymarket na Chicago, aka kama mutum 8 aka yanke musu hukunci ba tare da an nuna cewa ɗayansu ne ya jefa ba. Manyan marubuta suka yi gum. Howells, da yake da albashi mai tsoka da sunan da zai iya zubewa, ya rubuta wa jaridar New York Tribune yana roƙon a yi musu sassauci. Jaridu suka yi masa ca. An rataye 4 ranar 11 ga Nuwamba 1887, sai a 1893 gwamnan Illinois, John Peter Altgeld, ya saki ukun da suka rage a kurkuku, ya ce shari'ar ba a yi ta bisa adalci ba.

Ya kuma riƙe hannun na baya. Stephen Crane ya buga Maggie da kuɗinsa a 1893, labarin yarinyar unguwar talakawa a New York, ba mai saye, Howells ya tsaya masa. Paul Laurence Dunbar, baƙar fata ɗan 'yantattun bayi da ya yi aikin tuƙa lifta a Dayton, sharhin Howells na 1896 ne ya sanar da ƙasa sunansa. Sai dai ya fi yabon waƙoƙinsa na karin harshen baƙaƙen fata a kan sauran, Dunbar kuwa ya koka cewa yabon ya zame masa turke, mutane ba sa son jin komai daga gare shi sai wannan. Ki riƙe wannan don ranar da ƙanana za su fara kawo miki rubutunsu.

Ya rasu a 1920, kuma tun kafin nan samari sun fara yi masa kallon tsoho mai tsoron taɓa maganar tsakanin mace da namiji. Sinclair Lewis ya yi masa ba'a a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1930, ya kwatanta shi da tsohuwar tuzuruwa mai son shan shayi a gidan limamin coci. Suna da 'yar gaskiyarsu, don ya taɓa rubuta cewa ɓangaren rayuwa mai murmushi shi ya fi zama na Amurka. Amma mutumin nan ya rubuta A Modern Instance tun 1882, kan yadda aure ke ruɓewa a hankali har ya kai gaban alƙali, bai kuma tsiraita kowa ba. Don haka kada wani ya ce miki sai kin zubar da kunya za ki faɗi gaskiya, kada kuma ki fake da kunya ki ƙi faɗa.

A babi na huɗu akwai tsohuwar da ke yi wa gidan wanke-wanke, wadda ta ƙulle ragowar shinkafa a gefen zaninta, ta ce wa uwar gida na kaji ne. Layi uku kika ba ta, kuma ita kaɗai ce na ji numfashinta. Wa take kai wa shinkafar? Me ya fito da ita aikatau da furfura? Ki bi ta gida ki gani, ki rubuto mini babin kafin ki ci gaba da sauran.

Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta ce a shafa mata kan yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.