Jirgin ƙasan da baƙonku yake ta yabo, kayan wa ya zo ɗauka?

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya ku da abokan aiki.

Gaskiya shirinku na daren Lahadin nan bai min daɗi ba ko kaɗan, kuma ba zan ɓoye muku ba. Wannan dakta da kuka gayyato ya zauna ya miƙe ƙafa yana cewa wai mu gode wa Turawa don su suka kawo mana jirgin ƙasa da masana'antu, wai da ba su zo ba da har yanzu muna kan jaki, shi kuma mai gabatarwa sai "haka ne dakta, haka ne dakta" yake ta yi, ko tambaya ɗaya mai nauyi bai jefa masa ba. Haba jama'a! A gidan rediyon da manoma da masaƙa da marina suke saurara?

To ni dai tambayata ɗaya ce, jirgin nan da ya iso Kano a 1911, wa aka shimfiɗa wa? Ai ba ɓoyayyen abu bane. Masu masaƙun Lankasha a Ingila ne suke neman auduga ido rufe, saboda sun gaji da dogaro da ta Amurka, har ƙungiya suka kafa a 1902 don a noma musu ita a ƙasashen da suka mallaka, wadda mutanenmu suke kira Bisije, ku je Funtua ku tambaya za a nuna muku unguwar. Shekara ɗaya bayan haka, 1903, aka ci Kano da Sakkwato da bindiga, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi. Dakta bai ga alaƙar waɗannan abubuwa ba, wai shi dogon ƙarfe kawai ya gani. Dan Allah ya ɗauko taswira ya duba layukan nan, Kano zuwa Ikko, Kaura Namoda zuwa Zariya, Nguru zuwa Kano, Jos inda ake haƙar kuza, duk bakinsu ɗaya suka nufa, bakin teku. Sakkwato ko taku ɗaya na dogo ba su kai mata ba, birnin Katsina ma haka, Maiduguri kuwa sai 1964 bayan sun tafi. In don mu aka yi, me ya hana a haɗa garuruwan namu da juna? Ɓarawo ya kafa tsani ya kwashe maka rumbu, ya tafi ya bar tsanin a jingine, sai a ce ka bi shi da godiya don ka samu tsani.

Abun da ya fi ƙona min rai shi ne da ya ce wai ba mu da wata sana'a kafin su zo. Ni jikan masaƙi ne, a ƙasar Kura aka haife ni. Na taso na tarar da kakata tana kaɗi, ta gurje audugar da kanta a kan magurji, ta shiɓe ta, ta zauna da mazari da ɗan alli a yatsa tana murzawa har dare, kuma da kuɗin zaren nan ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki, ba ta roƙi kowa ba. Kakana kuma yana gindin bishiya da masaƙarsa, zaren ya miƙe can nesa an danne shi da dutse, ƙoshiya tana kaiwa tana komowa, a saƙa sawaye a ɗinke a kai marina a tsoma a baba, daga nan sai mabuga, su buge shi har ya dinga sheƙi kamar an shafa masa mai. Buzaye har gida suke zuwa da raƙuma neman ɗan Kura da turkuɗi. Wannan ba labarin kakanni bane kawai, Baturen nan na Jamus, Barth, da ya shigo Kano a 1851 da hannunsa ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. To wannan in ba masana'anta ba ce mece ce? Ko sai an ga hayaƙi yana tashi a bututu?

Kuma ku ji wani abu da dakta bai faɗa ba, ko bai sani ba ne oho. Da jirgin ya zo, audugar da suka ci buri a kai ba su samu yadda suke so a Kano ba, don masaƙanmu sun fi su sayenta da daraja, manomi kuma ba wawa bane. Shi ya sa aka karkata ga gyaɗa tun daga 1912, ita ma ba don mu ci ba, a kai musu can su matse su yi sabulu da man shafa wa burodi. Sai aka matsa da haraji, kuma dole da kuɗinsu za ka biya, kuɗin wuri ya daina aiki, to ina za ka samu sulen in ba ka noma abun da kanti yake saye ba? Su ne masu sikeli, su ne masu yanke farashi, su ne kuma masu kawo akoko da alawayyo da atamfa daga Mancesta su sayar maka. Audugarka ta tafi a dami ta dawo a bandir ka saya da tsada. A hankali a hankali zaren kanti ya kori na kakata, da na yi wayo mazarinta yana cikin wani tsohon kwando babu mai tambayarsa. Dalar gyaɗar da ake ta sawa a hoto ana alfahari, buhunan da suke jiran jirgi ne ya kwashe su zuwa teku, ba wani abu ba.

Ban ma zo kan aikin tilas ba. Ƙanen kakana lokacin yaƙin Hitila aka ɗebe shi zuwa haƙar kuza a Jos, diban gwamna suke ce masa, dagaci ne kawai ya nuna shi da yatsa. Ya dawo da tari a ƙirji saboda sanyin can da rashin abinci, bai ƙara moruwa ba har ya koma ga Allah. Wasu 'yan garin ko gawarsu ba a gani ba. Shi kansa dogon da ake yabo, su wa suka sara daji suka ɗauki ƙasa a kwando a ka? Ai talakawa ne da sarakuna suka tara wa Bature. Wannan duk bai shiga shirinku ba, sai "sun kawo ci gaba".

Sannan masana'antun da yake cewa sun kawo, su ina? Sun yi sama da shekara hamsin a nan, masaƙar zamani ta farko mai girma a Arewa sai 1957 aka buɗe ta a Kaduna, lokacin Sardauna yana Firimiya, ana saura shekara uku su tattara. Kafin nan galibi gidajen gurzar auduga ne, a cire ƙwaya a ɗaure a loda. Kuma ba mu kaɗai aka yi wa haka ba, masaƙan Indiya da duniya take rububin yadinsu haka kayan Mancesta suka durƙusar da su, a Kongo kuwa har hannu ake yanke wa mutane a kan roba zamanin Sarki Liyofol na Beljiyam. Na san za a ce to bayan sun tafi mu me muka yi, masaƙun Kakuri da ke Kaduna ba a hannunmu suka mutu ba? Eh a hannunmu suka mutu, kuma wannan laifin shugabanninmu ne, ku shirya masa nasa shirin daban zan saurara har in bugo. Amma lalacewar ɗan gida ba ta wanke wanda ya fara fasa gidan ba.

Maganar bugowa ma ta tuna min, layukan nan naku biyu da kuke karantowa anya suna aiki kuwa? Duk daren nan ina ta kira, ko dai a kashe ko a ce ana amfani da shi, kati na ya tafi a banza, amma kullum muryoyin mutum uku zuwa huɗu ɗin nan muke ji, su gaida mai gabatarwa su gaida matansu da abokansu na kasuwa lokaci ya ƙare. Ga tallan maganin basir da kuke yanko mana a tsakiyar magana, mutum yana cikin bayani sai kawai a ji ana ihun jijiyar wuya da sanyin mara, yara suna zaune. Dan Allah a gyara, ko a tura tallan ƙarshe.

Ina roƙon ku sake shirin nan, ku nemo malamin tarihi daga Zariya ko Bayero wanda zai iya ja da dakta ido da ido, ku kuma aika ɗan rahoto Kura ko Kofar Mata ya ɗauko muryar tsofaffin marina tun suna da rai. Kuma a karanta wasiƙar nan dukkanta, kar a yanke min ita kamar yadda kuka saba.

Naku mai sauraro a kullum,
daga ƙaramar hukumar Kura, jihar Kano.