Gaggawar Mai Gini Ita Ce Ke Fara Tsaga Bango

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan abin da na shafe shekaru fiye da ashirin ina gani a wuraren gini a nan Legas, tun ina lebura mai ɗaukar kwanon kankare har na zama mai kula da ma'aikata.

Duk lokacin da bene ya rufta a garin nan, kamar mai hawa 21 da ya faɗi a titin Gerrard da ke Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka mutane fiye da arba'in, ko na Ita Faji da ya danne yara 'yan makaranta a watan Maris na 2019, sai a yi ta zargin magina da hukumar LASBCA, wato hukumar jihar Legas mai sa ido kan gine-gine. Ba na wanke kowa, amma akwai wanda ba a cika ambata ba, wato mai ginin da yake son aiki ya yi arha, ya ƙare da wuri, kuma ya yi ƙwari, alhali bai tanadi kuɗi ko lokacin da za su ba shi ukun gaba ɗaya ba.

A farkon shekarar 2024, lokacin da buhun siminti ya haura naira dubu goma, ina aiki a wani bene mai hawa biyu a wajen Ajah. An yi jinga da ɗan kwangila tun siminti bai kai haka ba, kuma da baki aka yi ta, babu takarda. Da farashi ya tashi, mai gida ya ce ba zai ƙara ko sisi ba, shi kuwa ɗan kwangila bai ce zai ajiye aiki ba, sai ya koma yana cire asararsa daga cikin kwaɓi. Ƙa'idar da muka sani ita ce awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, amma da idona na ga ana ƙara baro guda na yashi a kowane kwaɓi, har kankaren ya yi fari, in ka murza busasshensa da yatsa sai ya zube. Inda zane ya ce a sa rodi mai milimita 16, aka sa mai 12.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar lokaci. Kankare yana bukatar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da ake bukata, kuma a kwanakin farko sai an riƙa shayar da shi ruwa safe da yamma. Mai gidan nan kuɗin hayar gidan da yake zaune ya kusa ƙarewa, ga wanda ya san Legas kuwa ya san abin da biyan hayar wata shekara yake nufi, saboda haka ya matsa a cire gorar da ke tokare da dekin, wato rufin kankare, bayan kwana goma, a fara jera bulo a sama. Na ƙi, aka sallame ni. Bayan wata biyu wani kafinta da muka yi aiki tare ya nuna mini hoton tsagar da ta ratsa ƙasan dekin daga wannan ginshiƙi zuwa wancan, an shafe ta da filasta.

Ina kira ga 'yan'uwanmu 'yan kasuwa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, waɗanda Allah ya hore wa abin yin gini, da su rubuta yarjejeniya a takarda, su fayyace abin da za a yi idan farashin kaya ya tashi, su kuma biya kuɗi mataki-mataki, bayan injiniyan da su suka ɗauka, ba na ɗan kwangila ba, ya duba rodi kafin a rufe shi da kankare. A yankunan fadama irin su Lekki da Ajah, kada a haƙa harsashi sai an gwada ƙasa. Idan kuɗi ya yanke, gara a tsaya a hawan farko, a rufe rodin da ya leƙo saboda iskar teku tana sa shi tsatsa, a jira har hali ya samu.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani magini daga Agege, Legas